Rabin na biyu: yadda harsuna suke kiran ɗaya da rabi

A harshen mutanen Denmak, sunan hamsin halvtreds. Wanda ya fasa kalmar don ya ga abin da ke cikinta ba zai tarar da biyar ba, ba zai tarar da goma ba. Abin da zai tarar shi ne "rabi" da "na uku". Asalinta doguwa ce, halvtredsindstyve, wato rabin na uku sau ashirin. Rabin na uku kuwa a wurinsu biyu da rabi ne: na farko ya cika, na biyu ya cika, an shiga na uku an kai tsakiyarsa. Biyu da rabi sau ashirin, hamsin ke nan. Haka saba'in take halvfjerds, uku da rabi sau ashirin, casa'in kuma halvfems, huɗu da rabi sau ashirin. Yau da gobe ta cinye wutsiyar kalmomin, "sau ashirin" ɗin ya faɗi, aka bar guntun da yaro zai haddace ba tare da ya san lissafi ne a bakinsa ba. An taɓa ƙoƙarin sauƙaƙa abin. Shekaru da dama takardar kuɗinsu ta hamsin tana ɗauke da femti, wato biyar sau goma, irin ta maƙwabtansu, amma bakin jama'a bai karɓa ba, kuma a takardun da aka fara fitarwa a 2009 aka mayar da halvtreds.

Duk adadin da ya wuce cikakkiyar lamba amma bai kai ta gaba ba, dole harshe ya samo masa hanyar faɗa. Mafi sauƙi shi ne a faɗi abin da ya cika sannan a ɗora guntun a kai: ɗaya da rabi, ko wahid wa nisf a Larabci, ko moja na nusu a Suwahili. Ana kuma iya kiran lambar da ke gaba a rage mata, kamar uku saura kwata. Hanyar Denmak daban take da waɗannan biyun. Ba ƙari a cikinta, ba ragi. Mai magana yana ambaton wanda yake ciki ne, ya faɗi inda ya kai a cikinsa. Ka ɗauka mutum yana cika bokitai da ruwa, aka tambaye shi ina aka kwana. Yana iya cewa ya cika ɗaya ga kuma rabi, yana iya cewa yana rabin na biyu. Ruwan ɗaya ne, inda ya sa ido ne ya bambanta. Kuma wannan kallon ba baƙo ba ne ga kowa, domin duk wanda ya ce muna ƙarni na 21 alhali ashirin ne suka cika, da shi ya yi ƙirga.

Daga wannan hanyar ce mafi yawan kalmomin musamman na ɗaya da rabi suka fito. Bajamushe yana cewa anderthalb, kuma a tsohon Jamusanci ander na nufin na biyu. Ɗan Holan yana cewa anderhalf, ɗan Denmak halvanden, ɗan Rasha poltora, ɗan Folan półtora, ɗan Lituweniya pusantro. Duk fassararsu guda: rabin na biyu. Da a nan abin ya tsaya sai a ce gado ne na dangi ɗaya, tunda waɗannan harsunan kakansu ɗaya. To amma ga másfél a Hungari, ga puolitoista a Finlan, su kuwa wani dangi ne dabam. Mutanen Finlan ma sun wuce nan, sha ɗaya a wurinsu yksitoista ce, "ɗaya daga ta biyu", wato daga goma ta biyu. Ana iya cewa zaman maƙwabtaka ne ya yaɗa salon a Turai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai tsohon harshen Male, can kudu maso gabashin Asiya, yana da tengah dua a matsayin ɗaya da rabi, tengah tiga a matsayin biyu da rabi. Rubuce-rubucen Turkawan dā da aka sassaƙa a duwatsun kwarin Orkon na ƙasar Mongoliya a ƙarni na 8 suna kiran ashirin da ɗaya bir otuz, "ɗaya, talatin", ɗaya a kan hanyar zuwa talatin. Abin da na fahimta shi ne tunanin ɗan Adam yana iya isa wannan wurin da kansa a duk inda ake ƙirga abu ana cikin yinsa.

Romawa sun buga shi a jikin kuɗi. Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa suka fito da dinarinsu na azurfa, wanda darajarsa as goma ce, as kuwa shi ne kuɗinsu na tagulla. Rubu'insa as biyu da rabi ke nan, sai suka sa masa suna sestertius, daga semis tertius, rabin na uku. Alamarsa ma lissafin ce: sanda biyu da harafin S na semis, IIS, wanda daga baya aka ja wa layi a tsakiya ya koma kamar HS. Da aka sake tsara kuɗin bayan shekaru kamar saba'in, dinari ya koma as 16, sestertius ya zama as huɗu. Sunan bai motsa ba. Ɗaruruwan shekaru ana lissafin dukiyar daula da albashin soja da kalmar da ke cewa biyu da rabi alhali huɗu take nufi, kuma babu wanda ya ruɗe, domin kalmar ta riga ta daina zama lissafi ta zama suna.

Inda abin ya fi bunƙasa, ya kuma fi burge ni, shi ne arewacin Indiya da Pakistan. A Hindi da Urdu ɗaya da rabi derh ce, biyu da rabi dhai. Ba wanda ke cewa "ɗaya da rabi" gaɓa-gaɓa sai baƙo mai koyo. Dhai ta samo asali ne daga kalmar Sanskirit ardha-tritiya, rabin na uku, tamkar ta Romawa. Daga uku zuwa sama sai wata kalmar ta karɓi aiki, sarhe, mai nufin "tare da rabi": sarhe tin, uku da rabi, sarhe char, huɗu da rabi. Akwai sava, ɗaya da kwata, daga sapada, "tare da ƙafa", domin pada ƙafa ce, ɗaya daga cikin huɗu. Akwai paune, daga padona, "saura ƙafa". Paune do ɗaya da kwata uku ke nan, biyu saura kwata. Harshe ɗaya ya tara duk hanyoyin uku, kowace da wurin aikinta.

Daɗin abin yana bayyana ne idan aka zo manyan lambobi. A Hindi kalmar sau ita ce ɗari. Sava sau 125, derh sau 150, dhai sau 250, paune do sau 175. Kwatar ba ta ɗaya ba ce kuma, ta koma kwatar ɗari. Lakh dubu ɗari ce, don haka derh lakh 150,000 ce, gaɓa biyu kacal. A birnin Ajmer akwai tsohon masallaci da ake kira Adhai Din Ka Jhonpra, rumfar kwana biyu da rabi. Waɗannan kalmomin ba daga sama suka faɗo ba. Har zuwa 1957 rufi ɗaya na Indiya ana raba shi ne gida 16, a raba biyu, a sake rabawa, a sake rabawa, don haka kwata da rabi su ne abin da hannu ke taɓawa kullum. A makarantun gargajiya na yankin Marati yara suna haddace jadawalin ninkin ɗaya da kwata, da na ɗaya da rabi, da na biyu da rabi, yadda ake haddace na biyu da na uku. Har na uku da rabi akwai, domin harshen Marati yana da kalma guda ta wannan adadin, aut, wadda yanzu ta tsufa.

Wannan tsufan na aut shi ne mabuɗin al'amarin. A dā jerin yana da tsawo kusan ko'ina. Jamusawa suna da dritthalb, biyu da rabi, da vierthalb, uku da rabi. Mutanen Folan suna da półtrzecia da półczwarta, na Hungari suna da harmadfél. A tsohon harshen mutanen arewacin Turai ana kiran 35 "rabin goma ta huɗu". Duk sun tafi, ko sun maƙale a tsofaffin littattafai. Wadda ta tsira a kusan kowane harshe ita ce ta ƙasan jerin, ɗaya da rabi, a Indiya kuma har da biyu da rabi. Dalili a fili yake. Kalmar da ba ta bin ƙa'ida ba ta rayuwa sai in ana yawan faɗinta, ta yadda yaro zai ji ta sau dubu kafin ya san akwai ƙa'ida. Awa ɗaya da rabi, shekara ɗaya da rabi, kilo ɗaya da rabi, kullum suna bakin mutane. Bakwai da rabi kuwa jefi-jefi ake buƙatarta, don haka da mai magana ya zo kanta sai ya gina ta da ƙa'idar da ya fi sabawa da ita. Saboda haka wanda ya ga irin waɗannan kalmomin ya ce rashin tsari ne bai duba da kyau ba. Sawun ƙafa ne, suna nuna inda aka fi takawa.

Turkanci na yau ya bi wata ƙaramar hanya tasa. Rabi shi kaɗai yarım ne, amma rabin da aka ɗora a kan cikakkiyar lamba buçuk ne: bir buçuk, iki buçuk. Kalma biyu, ɗaya ta guntu mai zaman kansa, ɗaya ta ɗoriya.

Sai dai fa kada sha'awa ta rufe ido, salon "rabin na gaba" yana da tarko, kuma a agogo ya fi kama mutane. Bajamushe ya ce halb zwei, ƙarfe ɗaya da rabi yake nufi, rabin awa ta biyu. Haka ɗan Holan da half twee, haka ɗan Rasha da polvtorogo, haka ɗan Indonesiya da setengah dua. Baturen Ingila kuwa in ya ce half two, ƙarfe biyu da rabi yake nufi, domin shi gajarta "rabi bayan biyu" ya yi. Kalmomi iri ɗaya, tsari iri ɗaya, tazarar awa guda cur. Ko a cikin Jamus kanta ba a haɗu ba: a gabas da wasu sassan kudu viertel drei ƙarfe biyu da kwata ne, dreiviertel drei kuma uku saura kwata, abin da mutanen arewa maso yamma da dama sai sun tsaya sun yi tunani kafin su gane. Mutanen Kataloniya ma da kwata-kwata suke shiga awa mai zuwa, dos quarts de tres, kwata biyu na uku, shi ne biyu da rabi.

Da wannan a zuci ya kamata a dubi harsunan da wani ya zauna ya ƙirƙira. Likita Zamenhof, wanda ya fitar da Esperanto a birnin Waso a 1887, an haife shi a Biyalistok a 1859, ya kuma tashi cikin Rashanci da Yidish da harshen Folan da Jamusanci. Kowannensu yana da kalma guda ta ɗaya da rabi. Ya san su sarai, amma bai ɗauki ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ɗafi guda, -on-, wanda ake liƙa wa kowace lamba ta zama guntu: du biyu, duono rabi, tri uku, triono sulusi, kvar huɗu, kvarono rubu'i, cent ɗari, centono ɗaya cikin ɗari. Ɗaya da rabi unu kaj duono, biyu da rabi du kaj duono, har abada. Wanda ya koyi ƙa'idar a minti biyar ya gama da babin. Harshen Ido, da ya ɓalle daga Esperanto a 1907, ya sauya ɗafin zuwa -im-, rabi ya zama duimo, amma tunanin bai sauya ba.

A ganina Zamenhof ya yi daidai. Harshensa gada ce tsakanin mutanen da ba su tashi tare ba, kuma kalma irin halb zwei tana aiki ne kawai tsakanin waɗanda suka sha ta da nono. Shaida ma tana cikin tarihin Esperanto kansa. A shekarun farko tsohon salon ya lallaɓo ya shiga ta ƙofar agogo, tsofaffin littattafan koyarwa suna da tri kvaronoj de la kvara, kwata uku na ta huɗu, a matsayin huɗu saura kwata. Masu harshen suka yi ta barinsa saboda ruɗani, aka koma ga faɗin awar da ta cika sannan mintinan da ke kai. Ba kuma a ce tsabtar tsari ta kawar da kowace matsala ba. Dek duonoj rabi goma ne, dekduonoj kuwa guntaye ne na ɗaya cikin sha biyu. A takarda tazara ta raba su, a baki sai mai magana ya kula da inda ya ɗan tsaya.

Lojban, wanda aka fara ginawa a 1987 don ya zama harshe marar harshen damo, ya kai abin ƙarshe. A nan ana karanta alamomin lissafi ne ɗaya bayan ɗaya. Pa ɗaya, re biyu, ci uku, mu biyar. Pi shi ne ɗigon da ke raba cikakkiyar lamba da guntu, fi'u shi ne layin da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa. Ɗaya da rabi ko dai pa pi mu, 1.5, ko ci fi'u re, uku bisa biyu. Mai son ya ce ɗaya da rabi yadda muka saba, sai ya furta alamar tarawa da bakinsa. Har kalmar da ke nuna lambar da ke maimaita kanta ba iyaka sun tanada, ra'e, don sulusi ya faɗu daidai. A ɗaya gefen ga Toki Pona, wanda Sonja Lang ta fitar a 2001 da kalmomi kusan 120. Ƙirgarsa ta asali wan, tu, mute ce: ɗaya, biyu, da yawa. Babu rabi a ainihin kalmominsa, kuma da gangan ne, domin harshen an yi shi ne don a sauƙaƙa tunani.

Taurin kan Lojban game da alamar tarawa ba banza ba ne, domin rubutun lissafi da kansa yana da wannan raunin. In aka rubuta 2½ ana nufin biyu a tara da rabi. In aka rubuta 2x ana nufin biyu a ninka da x. Abu biyu a jere, nan tarawa, can ninkawa, kuma ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe idan suka shiga aljabara. A Faransa ba a cika rubuta guntu a gefen cikakkiyar lamba haka ba. Nahawu ma yana da nasa ciwon kan: ɗaya da rabi tilo ne ko jam'i? Turanci da Jamusanci sun ce jam'i, tunda ya wuce ɗaya. Faransanci ya ce tilo, tunda bai kai biyu ba, shi ya sa suke rubuta 1,5 million ba tare da alamar jam'i ba. Rashanci ya ba poltora siffar mace, poltory, ya kuma sa sunan da ke binta a sigar tilo ta mallaka. Masu fassara manhajojin waya da kwamfuta sun san wannan wahalar, domin dole a koya wa na'ura dokar kowane harshe daban.

Abin da ke matse waɗannan kalmomin yanzu shi ne ɗigo. Tun 1585 masanin lissafi Simon Stevin ya yi kira a koma ga rarraba komai gida goma, kuma sannu a hankali duniya ta bi. Indiya ta bi a 1957, Ingila a 1971, kasuwar hannun jari ta New York da ta daɗe tana faɗin farashi da ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa sha shida ta bari a 2001. Sikeli da agogon waya lambobi suke nunawa, 1.5 da 2:30. Duk da haka mai Hindi yana kallon 2:30 a wayarsa ya ce dhai baje, Bajamushe ya ga 1,5 ya ce anderthalb. Ido yana karanta tsarin goma, baki yana ci gaba da raba biyu, domin raba abu biyu hannu yana iyawa ba tare da ma'auni ba, raba shi goma kuwa sai da kayan aiki.

Inda nake ganin an yi asara shi ne wurin masu ƙirƙirar harshe don al'ummar da suka ƙaga a labari ko wasa. Su burinsu harshen ya yi kama da wanda aka daɗe ana rayuwa a cikinsa, amma da sun zo babin guntaye yawanci sai su yi irin na Esperanto, ɗafi ɗaya ya shafe komai, alhali dalilin Zamenhof ba nasu ba ne. Tambayoyin da ya kamata su fara da su ba na nahawu ba ne. Mutanen nan da nawa-nawa suke ƙirga? Kuɗinsu gida nawa ake raba shi? Me suke aunawa kullum, tafiyar kwana ce ko nauyin hatsi? Al'ummar da ke ƙirga da sha biyu-sha biyu za ta fi buƙatar kalma guda ta ɗaya da sulusi fiye da ta ɗaya da kwata. Masu auna nisa da kwanaki za su iya samun "rabin na uku" ta maƙale a sunan wani zango, ko bayan an yi sabuwar hanya tafiyar ta koma ta yini ɗaya. Sannan a bar jerin ya karye a wani wuri, biyu ko uku na ƙasa su zama gajeru da suka goge har ba a gane asalinsu, sauran kuma su bi ƙa'ida.